DHIS2, QGIS, ArcGIS ko Power BI: wacce ta dace da aikin lafiya a Legas?

Kwanakin baya wata Hajiya da ke jagorantar ƙungiyar mata masu wayar da kai kan rigakafi da awon ciki a Agege ta kira ni bayan la'asar. Ta ce, "Malam, yaran nan biyu da ke yi mana aikin kwamfuta sun sa ni a tsakiya. Ɗaya ya ce sai Power BI, ɗayan ya ce QGIS, masu ba mu tallafi kuma suna son taswira kafin ƙarshen wata. Na rasa wa zan bi." Na ce, "Ranki ya daɗe, mu ajiye maganar manhaja tukuna. Me kike son taswirar ta gaya miki?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "So nake in san layin da yaran da ba a taɓa yi wa allura ba suka fi yawa, in tura mata can." Da wannan amsar rabin gardamar ya ƙare. Sauran rabin, wato zaɓen manhajar da za ta mayar da bayanan lafiya taswira ko zanen alƙaluma, shi na zauna in rubuta, domin na san ba ita kaɗai ba ce a wannan hali. Ƙungiyoyin unguwa, ƙananan asibitoci, ɗaliban lafiyar al'umma da jami'an ƙananan hukumomi duk suna cin karo da shi.

Sa cuta a kan taswira tsohon aiki ne. A 1854, da kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, likita John Snow ya bi adireshin mamatan, ya ga sun taru a kewayen famfo guda na titin Broad, hukuma ta cire hannun famfon, taswirar da ya zana kuma har yau da ita ake koyar da ɗalibai. Namu na gida ya fi kusa. A yaƙi da shan inna a Arewa, masu allura sun daɗe suna bin taswirar da aka zana da hannu, wadda take tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka. Wajen 2012 aka koma zana taswira daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba tawagogi wayoyi masu nuna inda suka taka, sai wuraren da ba a zuwa suka fito fili. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Nan Legas ma, da Ebola ta shigo ranar 20 ga Yulin 2014, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana majinyacin da ya shigo da cutar fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka, sannan a Legas da Fatakwal aka bi mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana shigar da bayanansu a waya kullum. A faɗin Najeriya mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Ma'auni na farko shi ne tambayar da na yi wa Hajiya. Tambayoyin aikin lafiya iri biyu ne. Akwai "ina?": wane layi, wace rijiya, wace Islamiyya, nisan wane gida daga asibiti. Akwai kuma "nawa, kuma ya ƙaru ko ya ragu?": mata nawa suka zo awo a watan nan, yaya yake idan aka gwada da na bara. Ta farko taswira take nema, ta biyu zanen alƙaluma. Kowace manhaja a nan ta fi ƙarfi a ɗaya, ta ɗan taɓa ɗayar, kuma yawancin nadamar da na gani daga nan take farawa.

Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin ranar saye kaɗai ba. Lasisin manhajojin kasuwa da dala ake biya, duk wata ko duk shekara. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a cikin 2024 ta wuce 1,500. Duk wanda ya yi kasafin shekara uku da tsohon farashi ya ji a jikinsa.

Na uku wuta da intanet. Shin manhajar za ta yi aiki a cikin kasuwar Mile 12 inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko a ofis ranar da babu NEPA kuma ba a sayo fetur ba?

Na huɗu shi ne ɗorewa, kuma shi na fi ba nauyi. Aikin tallafi yana da ranar ƙarewa. Yaron da ya iya kwamfuta zai sami aiki a wani wuri, hakkinsa ne. Idan hakan ta faru, wa zai buɗe taswirar? Na taɓa aiki da wata ƙungiya da aka gina wa allon bayanai (shafin kwamfuta mai tara alƙaluma da zane wuri ɗaya) mai kyau ƙwarai, shekara biyu ana alfahari da shi. Tallafi ya ƙare, lasisi ya mutu, wanda ya san kalmar sirri ya tafi. Bayanan shekara biyu suka zama kamar ba a taɓa tara su ba. Har yau abin yana damuna, domin mata ne suka sha rana suka tara su. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyar sirrin mutane. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ban da doka, akwai abin da mu mazauna Legas muka sani: a garin da ake iya rushe unguwa ko kasuwa da sunan tsafta, taswirar da ta jera jajayen ɗigogi a kan layin Hausawa ba ƙaramin makami ba ce idan ta faɗa hannun da bai dace ba. Ɗigo ɗaya a kan gida ɗaya mai ɗauke da tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki, maƙwabta za su gane gidan ko ba a rubuta suna ba.

Akwai kuma matsalar da babu manhajar da za ta warware muku, gara in faɗa tun yanzu: ba mu san yawan mutanen Legas ba. Ƙidayar 2006 ta ce wajen miliyan tara, gwamnatin jiha ta yi nata lissafin ta ce sama da miliyan goma sha bakwai, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Idan ka ce "kashi saba'in na yara sun sami allura," saba'in na nawa? Mutanenmu su suka fi ɓacewa a wannan lissafi: 'yan ci-rani masu zuwa bayan girbi su koma da damina, masu dako a Mile 12, masu sana'a a mayankar Oko-Oba, iyalan da ke ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Alaba Rago. Sannan ga iyakoki. Tarayya ta san ƙananan hukumomi 20, jiha tana aiki da waɗannan da ƙarin yankunan raya ƙasa 37, kuma gundumomin da kowanne ke amfani da su ba sa zuwa daidai. Kafin ka zaɓi manhaja, zaɓi jerin iyakoki ɗaya ka tsaya a kansa. Shirin GRID3 yana ba da iyakoki, wuraren cibiyoyin lafiya, matsugunai da ƙiyasin yawan jama'a kyauta, WorldPop na jami'ar Southampton ma yana da ƙiyasi na kowane fili mai tsawon mita ɗari da faɗin mita ɗari. Ƙiyasi ne, amma ya fi ka-ce-na-ce.

KoboToolbox da ODK: inda bayanan ke fitowa

Waɗannan ba abokan takarar sauran ba ne, su ne ƙofar shiga. Manhajoji ne na cike fom a wayar Android, su ɗauki wurin da mutum yake tsaye, su ajiye a waya har a sami sabis. ODK ta fito daga jami'ar Washington a 2008, kuma an yi amfani da ita a bibiyar Ebola ta 2014. KoboToolbox a kan tushen ODK aka gina manhajar wayarta, ta fi sauƙin farawa, tana da tsarin kyauta ga ƙungiyoyin da ba na riba ba, da iyakar fom 5,000 da aka cike aka tura a wata, wanda ya ishi yawancin ƙungiyoyin unguwa. Ana iya rubuta tambayoyin da Hausa da Yarbanci a fom ɗaya. Mace mai iya WhatsApp za ta koyi cikewa a yini guda.

Abin lura biyu ne. Bayanan suna zama a saba (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai ta intanet) a wajen Najeriya, sai dai idan kun kafa taku, don haka kada a tara suna da lambar waya idan aikin bai buƙata ba. Sannan a ƙarƙashin rufin kwano ko cikin rumfunan kasuwa waya tana kuskuren wuri, a koya wa masu aiki su fito fili su ɗan jira kafin su danna. Kobo tana nuna ɗigogin a taswira nan take, wanda ya ishi dubawa amma bai ishi nazari ba. Haka ma Google My Maps: kyauta ce, ana ɗora jadawali mai layi har 2,000 a shafi ɗaya, ta dace da nuna inda asibitoci da rijiyoyi suke. Bayanan marasa lafiya kam ba wurinsu ba ne.

DHIS2

Wannan ita ce manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman lafiya da ita, a Najeriya da ƙasashe sama da 70. Tushenta Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariya, jami'ar Oslo ta Nowe ke jagorantar ta, kuma kyauta ce. Alƙaluman da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ke kwashewa daga rajista zuwa fom ɗin ƙarshen wata, can suke ƙarewa. A cikinta akwai wurin zana alƙaluma, akwai taswira, akwai allon da ke tara su wuri ɗaya. Wajen ɗorewa babu kamarta, domin ba ta rataye a wuyan mai tallafi ɗaya ba.

Amma a fahimci abin da taswirarta ke nunawa. Yawancin alƙaluman na asibiti ne, ba na gida ba. Matar da ke zaune a Agege ta kai ɗanta allura Ifako-Ijaiye saboda can ƙanwarta take, za a lissafa shi can. Shi ya sa za ka ga wata gunduma ta wuce kashi ɗari bisa ɗari, maƙwabciyarta kuma ta yi ja. Yaron da ba a taɓa kai wa asibiti ba kuwa, babu shi a ciki kwata-kwata, kuma shi Hajiya take nema. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna Najeriya na da yara sama da miliyan biyu da ba su sami ko allurar farko ba. Ƙari a kan haka, Legas cike take da asibitoci masu zaman kansu, kuma ba dukansu ke kawo rahoto a kan kari ba.

Shiga rumbun DHIS2 na ƙasa sai da izini daga ma'aikatar lafiya ko hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kafa naku na kanku kuwa yana buƙatar saba da ƙwararren mai kula da ita, kuma nan kuɗin yake. Ga ƙaramar ƙungiya ban ga dalilin hakan ba. Abin da ya kamata shi ne ku kai rahotonku ga jami'in bayanai na ƙaramar hukuma don aikinku ya shiga lissafin ƙasa, ku kuma nemi ya riƙa ba ku alƙaluman gundumarku. Idan annoba ce, hanyarta daban: jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ke shigar da rahoto a SORMAS, manhajar da aka ƙirƙira bayan darasin Ebola tare da wata cibiyar bincike ta Jamus. Wanda ya ga alamun kwalara, kamar a ɓarkewar Yunin 2024 da ta fi tsanani a tsibirin Legas, wayar jami'in nan zai fara kira kafin ya buɗe kowace kwamfuta.

QGIS

A nan zan daɗe, domin ita na fi sani kuma ita na fi ba mutane shawara. Gary Sherman ya fara ta a 2002, yanzu masu sa kai daga ƙasashe da yawa ke raya ta. Ba a biyan ko sisi, ba ta da ranar mutuwar lasisi, tana hawa Windows da Mac da Linux, kuma da zarar an sauke ta da bayanan da ake so, ba ta buƙatar intanet. Fayilolin suna cikin kwamfutarka, ba a hannun wani kamfani ba, wanda hakan ya rage rabin damuwar sirri.

Ita ce ke amsa "ina?" da gaske. Ka ɗauko ɗigogin Kobo, ka ɗora a kan iyakokin GRID3, ta ƙirga maka yara nawa a kowace gunduma ko kowane yanki da ka shata da kanka. Ka ɗora rijiyoyi, magudanan ruwa da banɗakunan haya, ka ga ko masu amai da gudawa sun taru a kusa da ɗaya. Ka tattara ɗigogin zuwa murabba'ai manya don kada a gane gidan kowa kafin ka nuna wa baƙi. Tana kuma da hanyar fitar da taswirar kowace gunduma a shafinta, a buga a takarda. Wannan na ƙarshe ya fi komai amfani a wurina. Matan da ke shiga gidaje ba allon kwamfuta suke ɗauka ba, takarda ce ake naɗewa a sa a jaka.

Sai dai akwai koyo. Wanda ya iya Excel zai buƙaci makonni yana zama da ita kafin hannunsa ya faɗa, kuma kurakuran farko iri ɗaya ne ga kowa. Legas tana wajen digiri 6.5 arewa da 3.4 gabas. Idan aka juya lambobin biyu, duk ɗigogin sai su faɗa cikin teku kudu da Neja-Delta. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuma a kan ma'aunin Minna (tsarin auna wuri na gida) aka yi su, waya tana amfani da na duniya, idan ba a daidaita ba gida sai ya tsallaka titi. Akwai wani kuskure mafi girma da ba na manhaja ba ne. An saba zana da'irar kilomita biyar a kewayen asibiti a ce duk wanda ke ciki yana da hanyar samun lafiya. A Legas kusan kowa yana ciki. Abin da ke hana uwa zuwa shi ne layin dogo, babban titin da ba gada kusa, cunkoso, kuɗin keke, ranar allura da ta zo daidai da ranar kasuwa, ko ma'aikaciyar da ba ta jin Hausa. Waɗannan sai an tambayi mutane, sannan a sa su a taswira da hannu. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da aka yi a Makoko ke nan a 2019, lokacin da ƙungiyar Code for Africa da masu sa kai na OpenStreetMap (taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa) suka koya wa matasan unguwar, suka shiga kwalekwale da waya, suka sa a taswira wurin da taswirori suka daɗe suna nunawa fanko.

Rauninta: ba ta ba da allo mai sabunta kansa wanda shugaba zai buɗe a waya, kuma idan kwamfutar ta lalace ko aka sace ta ba tare da kwafi ba, an yi asara. Mutum biyu su koya, kwafi biyu a ajiye, kwamfutar a sa mata kalmar sirri.

ArcGIS

Ta kamfanin Esri ce na Amurka, wanda Jack da Laura Dangermond suka kafa a 1969. Allon korona na jami'ar Johns Hopkins da duniya ta riƙa kallo tun Janairun 2020, a kanta aka gina shi. Duk abin da QGIS ke yi tana yi, ta ƙara da abin da QGIS ba ta da shi a haɗe: fom ɗin waya, taswirar ma'aikatan fili, allo mai sabunta kansa, da izinin wa zai ga me, duk a tsari ɗaya. Idan tawaga ɗari suna fili kuma cibiyar ba da umarni tana son ganin inda aka kai kowace awa, ita ce ta fi santsi.

Tsadarta ita ce magana. Lasisin mutum ɗaya mai haɗa taswira ɗaruruwan daloli ne a shekara, sannan ajiya da wasu nazarce-nazarce suna cin wani kati na daban da ke ƙarewa. Akwai rangwame mai yawa ga ƙungiyoyin da ba na riba ba, sai an nema an cika sharuɗɗa. Manhajar tebur ɗinta, wato wadda ake saukewa a kwamfuta, Windows kaɗai take hawa, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Kwafin sata da ake samu a kasuwa kuwa, kada a kusance shi da bayanan marasa lafiya. Idan gwamnati ko babbar ƙungiya ce mai kasafi tabbatacce, kuɗin ya biya. Idan tallafin shekara ɗaya ne, a tambaya a rubuce: wa zai biya shekara ta biyu, kuma a wane irin fayil za mu fitar da kayanmu idan mun tashi?

Power BI

Ta Microsoft ce, kuma ita ce gwanar "nawa?". Ta tebur kyauta ce, a Windows kaɗai. Wanda ya saba da Excel zai fitar da allo mai kyau cikin 'yan kwanaki: awon ciki wata-wata, yara nawa suka fara allura, nawa suka kammala, wane asibiti ya makara da rahoto. Tana iya janyo bayanai daga Kobo ko DHIS2 ta riƙa sabuntawa. Masu tallafi suna son ta, kuma iya ta yana taimaka wa matashi wajen neman aiki, wannan ma abin dubawa ne.

Kuɗin yana zuwa ne lokacin rabawa. Don a raba allo cikin sirri, mai turawa da mai kallo duk suna buƙatar lasisi, wanda tun Afrilun 2025 dala 14 ne ga mutum ɗaya a wata, kafin rangwamen ƙungiyoyi. Mutum biyar a shekara dala 840 ke nan, ko a naira 1,400 aka lissafa ya haura miliyan ɗaya. Don gudun wannan, wasu sai su danna maɓallin wallafawa a intanet, wanda kyauta ne amma yana buɗe allon ga duk wanda ya sami adireshin. Na ga an yi haka da bayanan da bai kamata ba, cikin rashin sani.

Taswirarta kuma ta ado ce fiye da ta aiki. Idan ka ba ta sunan wuri sai ta yi hasashe. Akwai garin Lagos a Fotugal, akwai ƙaramar hukumar Surulere a Legas akwai wata a Oyo. Sai ka ba ta lambobin wuri ko ka shirya iyakokin a wani wuri, galibi a QGIS, ka kawo mata. Tableau 'yar'uwarta ce a aiki, zanenta ya fi kyau, lasisinta ya fi tsada. Looker Studio ta Google kyauta ce amma ba ta motsi sai da intanet.

| Manhaja | Kuɗi | Koyo | Babu intanet | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| KoboToolbox | Kyauta har fom 5,000 a wata | Yini ɗaya ga mai cikewa | Tana aiki | Mai kyau | Tara sunaye ba dalili |
| DHIS2 | Kyauta, saba da mai kula ke cin kuɗi | Matsakaici | Manhajar waya tana aiki | Mafi ƙarfi | Ba ta ganin wanda bai zo asibiti ba |
| QGIS | Kyauta | Makonni | Tana aiki | Mai ƙarfi idan mutum biyu sun iya | Ɓatan kwamfuta ba kwafi |
| ArcGIS | Dala, duk shekara | Matsakaici | Wani ɓangare | Gwargwadon kasafi | Mutuwar lasisi |
| Power BI | Ta tebur kyauta, rabawa dala 14 a wata | Sauƙi ga mai Excel | Ta tebur kaɗai | Matsakaici | Buɗe allo ga duniya |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ƙungiyar unguwa, kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ke neman yaran da allura ta tsallake, ko take bin diddigin ruwan sha: Kobo a fili, QGIS a ofis, takarda a hannun masu aiki. Kuɗin da za a kashe a lasisi a sa shi a data, batirin caji da koyar da mutum na biyu.

Asibiti mai zaman kansa ko na sa kai: rahotonku ya shiga DHIS2 ta hannun ƙaramar hukuma kowane wata, wannan wajibi ne kafin komai. Don duba aikinku na cikin gida, Excel ko Power BI ta tebur ta isa, ba sai kun biya rabawa ba.

Ƙungiya mai rassa a jihohi da yawa, wadda shugabanni da masu tallafi ke son ganin alƙaluma duk mako: Power BI da lasisi na gaskiya, a haɗe da mutum ɗaya mai QGIS da zai riƙa shirya mata iyakoki.

Ma'aikata, cibiyar kai ɗaukin annoba, ko gangamin allura mai ɗaruruwan tawagogi da kasafin shekaru: nan ArcGIS ta cancanci kuɗinta, tare da DHIS2 da SORMAS, ba a madadinsu ba.

Ɗalibi ko matashi mai neman shiga wannan fanni: fara da Excel sosai, sai QGIS, sai Power BI. A intanet akwai DHIS2 ta gwaji mai bayanan ƙirƙira da kowa zai iya shiga ya koya.

Ita Hajiya, Kobo da QGIS muka tsayar mata. Yaron da ke son Power BI shi aka ba rahoton masu tallafi, zai yi shi a ta tebur ya fitar musu a takarda duk wata. Na ce kafin a fara shiga gidaje su kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa da wajen masu unguwa, su bayyana abin da za a tara da abin da ba za a tara ba, sannan su sanar da jami'ar rigakafi ta ƙaramar hukuma don ranar da aka gano layin, a sami mai zuwa da allurar. Fom ɗin tambaya shida ne kacal, babu suna, babu lambar waya. Taswirar farko da za a buga ta layukan da ke bayan layin dogo ce, domin nan matan suka ce sun fi jin ana cewa yaro bai da kati.